Dasashi da Abin da Ke Riƙe da Haƙori



Idan an yi zancen lafiyar baki, galibin mutane farin haƙori suke dubawa, alhali kuwa da yawa daga cikin dattijan da muke gani da giɓi ba ruɓewa haƙoransu suka yi ba, sun zube ne lafiyarsu lau, saboda abin da ke riƙe da su ya zaizaye a hankali ba tare da sun ankara ba. A kan wannan mariƙin za mu yi sharhi yau.

Wanda ke tsammanin an kafa haƙori cikin ƙashin muƙamuƙi yadda ake kafa turke a ƙasa bai san irin hikimar da Ubangiji Ya ajiye a wurin ba. Kowane ɗaya daga cikin haƙora 32 na baligi yana da gurbinsa a cikin ƙashi, amma saiwarsa ba ta manne da ƙashin ba, domin tsakaninsu akwai 'yar rata wadda ba ta kai rabin milimita ba, cike da zarurruka masu ƙwari, waɗanda bakinsu ɗaya ya nutse cikin ƙashi, ɗayan kuma ya nutse cikin wani siririn ɓawo mai tauri da ya lulluɓe saiwar. Ashe haƙori a rataye yake. Da haka ne, idan mutum ya gatsa goro ko ya tauna ƙashi, nauyin ba ya faɗa wa muƙamuƙi kai tsaye, sai zarurrukan su ɗauke shi su rarraba. Kuma da yake jijiyoyi masu kai saƙo ƙwaƙwalwa sun ratsa su, mai cin shinkafa yakan ji tsakuwa ya saki muƙamuƙinsa tun bai yi niyyar sakin ba. Abin da ya fi ba ni al'ajabi shi ne ƙashin gurbin kansa don haƙorin yake raye: da zarar an cire haƙori sai ya soma shanyewa, wanda shi ya sa kumatun tsohon da ya rasa turamensa suke lotsawa.

Dasashi shi ne suturar wannan gini duka. Mai lafiyarsa tsattsaura ne, ya kama wuyan haƙori kam, ba ya jini idan an goge shi. Duhun launinsa kuwa, wanda ya yawaita a cikin baƙar fata, halitta ce, kada kowa ya ɗauke shi illa. Sai dai a daidai inda ya haɗu da haƙori akwai wani ɗan kwari da ya kewaye shi, wanda zurfinsa ba ya wuce milimita 3 ga mai lafiya, to nan ne mafarin fitina. Dauɗar da ƙwayoyin cuta ke taruwa a cikinta takan kwanta a wurin, in an bar ta ta daskare ta zama dutse-dutse, har asuwaki da buroshi su kasa ta. Sai dasashi ya kumbura, ya yi jini, ya saki haƙorin, kwarin ya yi ta zurfi, zarurrukan su tsintsinke, ƙashin ya yi ta janyewa, kuma mafi yawan wannan ɓarna ba ta tare da zogi, balle mutum ya nemi magani da wuri.

Malaman ɗibbu na da sun san haka sarai. Abul Ƙasim Zahrawi, likitan Andalus wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya yi bayanin wannan daskararriyar dauɗa a cikin littafinsa Attasrif, har ya zana siffofin ƙarafan da ake kankare ta da su. Amma duk da daɗewar wannan sani, a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu fama da matsananciyar cutar dasashi sun haura biliyan 1.

Ina roƙonku, jama'a, ku daina ɗaukar jinin da ke fita a kan asuwaki abin banza, kuma kada ku daina goge wurin don tsoron jinin, gama barinsa shi ke ƙara kumburin. Asuwaki sunna ce mai girma, amma a tausasa bakinsa, a bi da shi gefen dasashi da lallashi, kada a dirje. Mai ciwon sukari da mai juna biyu su ƙara lura, haka mashayin taba, wanda hayaƙi kan ɓoye masa jinin alhali ɓarnar tana ci gaba. Kumburin dasashi yana warkewa sarai in an tare shi da wuri, ƙashin da ya riga ya zaizaye kuwa da wuya ya dawo, saboda haka wanda jinin ya ƙi tsaya masa, ko ya ji haƙori na girgiɗi, ya je wurin likitan haƙori a auna zurfin kwarin nan, a kankare masa dauɗar.