Ƙulli Ɗaya da Ƙulli Biyu Wajen Aiken Kwamfuta

Duk wanda ya saba aiken yara ya san akwai maganar da ba sai an faɗa ba. In maigida ya ce wa yaronsa, "Kwashe geron nan ka zuba cikin sabon rumbu, sa'an nan ka rushe tsohon," yaron ya je ya tarar ba a gama yaɓen sabon rumbun ba, ai ba zai ɗauki gatari ya sauke tsohon bisa geron ba. Komowa zai yi ya ce, "Baba, ga abin da na tarar." Hankalinsa ne ya cike gurbin da maganar ta bari, domin ya gane "sa'an nan" ɗin da aka faɗa tana ɗauke da sharaɗi a cikinta, watau in na farkon ya yiwu.

Na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda kowa ke kira kwamfuta, ba ta da wannan hankali ko kaɗan. Wurin da rashinsa ya fi fitowa fili kuwa shi ne inda ake jera mata umurni da yawa a fayil guda, a ce ta bi su ɗaya bayan ɗaya ba tare da kowa na tsaye a kanta ba.

Asalin wannan tsari tsoho ne. A zamanin manyan injuna masu cika ɗaki, mai aiki ba ya zama gaban na'ura. Sai ya huda umurninsa a jikin kati, kowane kati na da gurbin harafi 80, ya ɗaure su dami guda ya miƙa wa ma'aikacin ɗakin injin, ya tafi gida, gobe ya komo ya karɓi sakamako. Injunan System/360 da kamfanin IBM na Amurka ya sanar da su a 1964 har harshe na musamman aka yi musu domin tsara irin wannan aiki, ana kiransa JCL. Kalmar da Turawa suka sa wa tsarin tana nufin dami ko ƙunshi, kuma haruffanta uku na farko su ne BAT ɗin da ake gani a ƙarshen sunan waɗannan fayiloli. Da ƙaramar kwamfutar IBM ta fito a 1981 da manhajar DOS ta kamfanin Microsoft, sai dabarar ta biyo ta. Waɗanda suka yi aiki da kwamfuta a shekarun nan za su tuna AUTOEXEC.BAT, fayil ɗin da na'ura ke karantawa duk sa'ad da aka kunna ta. Katin ya tafi, amma har yanzu Windows na karɓar fayilolin BAT, kuma a ofisoshi da yawa su ne ke yin aikin dare bayan an tashi.

Ƙa'idar fayil ɗin mai sauƙi ce, kuma cikin sauƙin nan haɗarin yake. Na'ura za ta karanta layi na farko ta aikata, ta sauka na biyu ta aikata, haka har ƙarshe. In layi na farko ya faskara, za ta rubuta ɗan ƙorafi a allo, ta wuce na biyu kamar ba abin da ya faru.

A ɗauki misalin akawun da ke son kowace yamma a kwafe lissafin ranar zuwa faifan ajiya, sa'an nan a share jakar aiki domin gobe. Zai iya rubuta shi a layi ɗaya haka:

copy C:\lissafi\*.* E:\ajiya\ & del /q C:\lissafi\*.*

Kalmar farko kwafa take nufi, ta biyun sharewa, alamar nan mai kama da ƙulli da ke tsakaninsu kuwa cewa take yi, "gama wannan ka yi wancan." Wata shida layin zai yi yana aiki lafiya lau. Ranar da masinja ya zare faifan ajiya ya manta bai mayar ba, ko wuta ta ɗauke ta dawo faifan bai tashi ba, sai kwafa ta faskara, sharewa kuwa ta tafi daidai. Daɗin daɗawa, abin da aka share ta wannan hanya ba ya faɗawa kwandon sharar Windows balle a je a tsamo shi, kuma ɗan /q ɗin nan shi ne ya hana na'ura tambayar ko an tabbata. Da safe akawu zai tarar babu lissafi a jakar aiki, babu a ajiya.

Maganin wannan yana cikin wata al'ada da galibin masu taɓa kwamfuta ba su san da ita ba. Kowane umurni in ya gama aikinsa yakan bar wa na'ura wata lamba, tamkar ɗan aike da ya komo ya ba da rahoto. Sifili na nufin an dace, kowace lamba da ba sifili ba kuwa na nufin an sami tangarɗa. In aka sa ƙulli biyu, watau &&, a maimakon ɗaya, na'ura za ta duba lambar nan tukuna, ba za ta taɓa umurni na biyu ba sai na farko ya kawo sifili. Akwai kuma kishiyarsa, sanda biyu a tsaye, watau ||, wadda ke cewa a yi na biyu in na farko ya kasa. Da waɗannan ne akawu zai ce wa na'ura: kwafa, in ya yiwu ki share, in kuwa an sami matsala ki rubuta gargaɗi ki dakata. Harafi ɗaya tak ya raba layin da ke cinye lissafin ofis da layin da ke tsare shi.

Ba Microsoft ce ta ƙago alamun ba. Suna cikin manhajar Unix, a harshen umurnin da Stephen Bourne ya tsara a ɗakunan binciken Bell, wanda ya fito a 1979. Masu DOS sun daɗe ba su da su. Tun daga 1983 dai an ba su hanyar tambaya, ta IF ERRORLEVEL, amma sai mutum ya rubuta ta a layinta dabam bayan kowane umurni, ga ta kuma da wata ɗabi'a mai ruɗarwa: in aka ce 1, tana nufin 1 ko abin da ya fi shi. Da Windows NT ta zo a 1993 da mai fassara umurninta, cmd, sai ƙulli biyu da sanda biyu suka samu. Abin mamaki, PowerShell, wadda aka yi domin ta gaji cmd, ba ta sami waɗannan alamu ba sai a fitowarta ta 7, cikin 2020.

Kada a haɗa sanda biyu da sanda ɗaya. Ita sanda ɗaya bututu ce, tana ɗaukar abin da umurni na farko ya fitar ta zuba wa na biyu, dabarar da Douglas McIlroy ya daɗe yana nema kafin a sa ta cikin Unix a 1973. Haka nan wanda ke son wani fayil na BAT ya kira wani, lalle ya sa CALL a gaba, in ba haka ba na'ura za ta tafi na biyun ta ƙi komowa, sauran layukan na farko su zauna ba a aikata su ba.

Abin takaici shi ne yadda ake koyar da wannan fanni. Da yawa ana nuna wa ɗalibi ƙulli ɗaya a matsayin dabarar rage tsawon rubutu, a yi masa alfahari da cusa umurni biyar a layi guda, ba a tsaya an tambaye shi abin da zai faru in na uku ya kasa ba. Alhali kuwa tsawon fayil ba ya cin kuɗin kowa. Wajen da ya dace da ƙulli ɗaya kaɗan ne, watau inda umurnin biyu ba ruwan wani da wani, kamar share allo da nuna kwanan wata. Duk inda na biyu ke tsaye bisa na farko, musamman in sharewa ce ko rubutawa bisa tsohon fayil, sa ƙulli ɗaya sakaci ne.

Amma fa ƙulli biyu ma ba laya ba ce. Rahoto kawai yake ji, in ɗan aike ya kawo rahoton da ba shi ake nufi ba, shi ke nan. Umurnin cd, wanda ake shiga jaka da shi, misali ne. In na'ura na kan faifan C aka ce mata cd E:\ajiya ba a sa /d ba, za ta kawo sifili, ta ce an dace, alhali tana nan kan faifan C ba ta gusa ba. Sharewar da ta biyo baya sai ta auka wa jakar da ake tsaye a ciki. Robocopy kuma, wanda ya fi copy ƙarfi wajen kwafar manyan jakunkuna, nasa lissafin dabam ne: in ya kwafi fayiloli lafiya 1 yake kawowa, sai daga 8 zuwa sama ne ake da gazawa ta gaske. Wanda ya ɗaura masa ƙulli biyu zai ga aikinsa na tsayawa a ranar da komai ya tafi daidai. Dole a koma wa tsohuwar hanya a rubuta IF ERRORLEVEL 8.

Aukuwar da ta fi nuna iyakar ƙulli biyu ita ce ta watan Janairu na 2015, a manhajar wasannin Steam ta kamfanin Valve, ɓangarenta na masu Linux. A cikin fayil ɗin da ke tayar da manhajar akwai layin da ke cewa a shiga jakar Steam, in an shiga a riƙe sunanta, kuma da ƙulli biyu aka ɗaura shi, yadda ya kamata. Can ƙasa akwai wani layi da ke cewa a share duk abin da ke ƙarƙashin sunan da aka riƙe. To, in aka wayi gari sunan nan fanko ne, layin na ƙasa ba ya tambayar kome. Fanko in aka liƙa masa alamar tushen faifai, ma'anarsa ta zama kome da kome. Wani mai amfani da manhajar da ya sauya wa jakarsa wuri ya ba da labarin yadda ta share duk fayilolin da ke ƙarƙashin sunansa, har da na faifan ajiyar da ke jone da na'urar a lokacin. Wanda ya rubuta layin ya san da haɗarin, gama a samansa ya bar 'yar kalma guda ta Turanci mai nufin abin ban tsoro ne, amma bai sa sharaɗin da zai duba ko sunan fanko ne ba. Bayan abin ya fito fili kamfanin ya gyara.

Ƙulli biyu layinsa kaɗai yake tsarewa, layin da ke ƙasa bai san an yi ba. Masu Unix suna da umurnin set -e, wanda in an sa shi a saman fayil yakan tsai da aiki a galibin wuraren da wani umurni ya kasa. Fayilolin BAT ba su da irinsa. Mai rubuta su sai ya bi kowane layi mai muhimmanci ya liƙa masa || exit /b 1 a ƙarshe, watau in ka kasa, fita daga fayil ɗin gaba ɗaya, ka kuma bar lamba 1 domin wanda ya kira ka ya sani. A fayil mai layi ashirin, wannan na iya zama sau goma sha biyar ana maimaita abu ɗaya, kuma hanyar gwada shi ita ce a zare faifan ajiya da gangan, a zuba fayilolin banza cikin jakar aiki, a kunna fayil ɗin, a ga ko suna nan.