Daga Bakin Kasuwa: Tagulla Ɗaya a Bakinmu, Lamba Uku a Kwastan

A wannan wata za mu taɓo maganar da ta shafi 'yan'uwanmu masu sana'ar ƙarafa, tun daga samarin da ke tura kura a lungunan Nima da Maamobi suna kiran "kondem", har zuwa manyan diloli masu cika kwantena a tashar jiragen ruwa ta Tema. Maganar kuwa ita ce lambar da ake rubuta wa tagulla a takardar kwastan.

Mu Hausawa mun daɗe da sanin tagulla. Tun a shekarar 1353 matafiyin nan Ibn Batuta ya sauka a Takadda, cikin ƙasar Nijar ta yanzu, ya tarar ana narka jan ƙarfe ana zuba shi sanda-sanda, ana sayayya da shi kamar kuɗi, ana kuma kai shi Gobir da Barno. To amma duk da wannan daɗewa, a bakinmu kusan kowane ƙarfe mai ja ko mai ruwan ɗorawa tagulla ne. A kasuwa wannan ya wadatar. A gaban ma'aikacin kwastan kuwa bai wadatar ba.

Dalili shi ne, tun shekarar 1988 ƙasashen duniya suke aiki da littafi guda na lambobin kaya, wanda Hukumar Kwastan ta Duniya da ke birnin Burasels take kula da shi. Lambobi shida na farko iri ɗaya ne a Tema da Legas da Dubai, sa'an nan ƙasashen ECOWAS suka ƙara huɗu suka cika goma. Babi na 74 na littafin shi ne na jan ƙarfe da danginsa. A can, ƙarfen da aka narka aka zuba shi dunƙule ko bulo-bulo, ba a riga an ƙera komai da shi ba, yana ƙarƙashin lamba 7403. Idan tataccen jan ƙarfe ne, yana da nasa layi. Idan an gauraya shi da tutiya, wato irin mai ruwan ɗorawa da ake yin kan famfo da kwado da shi, lambarsa 7403.21. Idan kuwa da kuza aka gauraya shi, irin kuzar da aka haƙa a Jos, to lambarsa 7403.22. Wannan na ƙarshe shi ne mai duhu-duhu, mai jure gurza, wanda ake yin bushin na injuna da ƙararrawa da shi.

Sau da yawa ƙarfe guda yana ɗauke da tutiya da kuza gaba ɗaya, kuma littafin bai bar wannan a duhu ba. Ƙa'idar ita ce, kafin a lissafa ƙarfe cikin mai tutiya, dole kuzar da ke ciki ta gaza kashi 3 cikin 100. Idan kuzar ta kai kashi 3 ko ta wuce, tutiya tana iya fin ta yawa amma har yanzu a kira shi mai kuza, muddin tutiyar ba ta kai kashi 10 ba. Kun ga ke nan ido ba ya yanke wannan hukunci, gogawa a dutse ma ba ta yanke shi. Maganaɗisu yana raba baƙin ƙarfe da sauran, aikinsa ya tsaya nan. Sauran sai awo, ko dai da na'urar hannu da manyan diloli ke amfani da ita, ko a ɗakin gwaji.

Bayan abin da ke cikin ƙarfen, sai kuma siffarsa. Tarkacen waya da fasassun kan famfo da ƙaiƙayin ƙarfe na masu injin sassaƙa, duk lambarsu 7404. Amma ranar da aka narka tarkacen nan aka zuba su bulo, sun tashi daga 7404 sun koma 7403. Idan an miƙe ƙarfen sanduna, ya koma 7407, idan an ja shi waya, 7408. Kayan adon da maƙeran Krofofrom da ke kusa da Kumasi suke zubawa kuwa sun bar wannan layi ɗungurum, suna da tasu lamba ta ƙerarrun kaya.

Wani zai ce, to ina ruwan mai sikeli a Nima da wannan lissafi? Ruwansa yana cikin aljihunsa. Tun ranar 1 ga Fabrairu 2016 Gana ta fara aiki da harajin bai-ɗaya na ECOWAS, mai matakai biyar: sifiri, kashi 5, kashi 10, kashi 20 da kashi 35 cikin 100. A dunƙule, ɗanyen kaya suna ƙasa, ƙerarrun kaya suna sama, kuma lambar ce ke nuna matakin da kaya suka faɗa. Wannan ga mai shigo da kaya ke nan. Ga mai fitarwa, abin ya ma fi tsanani. A shekarar 2010 an yi dokar da ta ɗora sharaɗin lasisi a kan fitar da tarkacen ƙarafan da ba baƙin ƙarfe ba, irin su jan ƙarfe da alminiyam. A 2013 kuma aka yi wata da ta hana fitar da tarkacen baƙin ƙarfe, don masana'antun rodi na Tema su sami abin narkawa. Saboda haka lambar tana iya zama ita ce ke buɗe ƙofa ko ta rufe ta.

Mu ɗauki misali. A ce 'yan'uwa uku sun haɗa jari, sun yi wata shida suna tara kaya, sun narka wasu, sun bar wasu a buhu, har da 'yan guntayen baƙin ƙarfe da suka saje a ciki. Sai ejan ya tambaye su, "Alhaji, me zan rubuta?" Suka ce, "Ai tagulla ce." Ya zaɓi lamba guda ya shigar a ICUMS, wato tsarin kwamfuta da kwastan suka koma kansa a 2020. Ranar bincike aka buɗe kwantena, aka ga abin da ke ciki ya saɓa wa takarda. Daga nan sai tara, sai kuɗin ajiya da ke hawa kowace safiya, mai saye a ƙasar waje kuma yana jira har ya gaji. Ba su yi niyyar cuta ba, amma doka takarda take dubawa. Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Kada mu manta, wannan sana'a ta riga ta sha wuya. Da aka rushe kasuwar ƙarafa ta Agbogbloshie a watan Yuli na 2021, mutane da yawa sun watse da ɗan abin da ya saura a hannunsu. Jarin da aka sake tarawa da gumi bai kamata ya narke a bakin teku saboda kalma guda ba.

Shawararmu ga 'yan'uwa ita ce, a ware kaya tun daga wurin awo: jan ƙarfe daban, mai tutiya daban, mai kuza daban, baƙin ƙarfe can nesa. Duk abin da aka narka, a auna shi a karɓi takardar gwaji. A nemi ejan mai lasisi, a sa ya karanta lambar da zai shigar, ya kuma faɗi dalilinsa, ko da sai an zo da ɗalibi daga gida ya duba tare da mu. Dokar Kwastan ta 2015 ta ba ɗan kasuwa damar ya rubuta wa Hukumar Tara Haraji ta Gana ya nemi hukunci a kan lambar kayansa tun kafin su motsa, to a yi amfani da wannan dama. Kuma da yake dokokin fitar da tarkace suna sauyawa, a leƙa Ma'aikatar Ciniki a ji wadda ke aiki kafin a ɗaure kaya. Wayar lantarkin da ba a san asalinta ba kuwa, a bar ta inda aka gan ta, komai arharta.

Muna kira ga sarakunan Zango da shugabannin ƙungiyoyin masu ƙarafa da su gayyato ma'aikatan kwastan su zo unguwa su yi wannan bayani da Hausa da Dagbanci. Tambaya ba ta ɓad da hanya.

Allah ya sa albarka a kasuwa, ya tsare mu da asara. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.