Daga Nassarawa Zuwa Yadakunya

Wanda ya bi titunan Nassarawa a Kano zai wuce Gidan Gwamnati, da asibitin da a dā ake kira asibitin Turawa, da kuma Gidan Ɗan Hausa. A unguwar nan ne Hanns Vischer, wanda aka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ta Gwamnati a 1909. Shi kansa da aikin Mishan ya fara shigowa ƙasar Hausa, daga baya ya koma aikin Gwamnati. Amma makarantarsa galibi ta 'ya'yan sarakuna da malamai ce, asibitin kuwa na ma'aikata. Talakan da ke can ƙarshen lardi, da Bamagujen da ke zaune a tungarsa, da kuturun da danginsa suka ware, sun daɗe ba su ga malamin makaranta ko malamin asibiti ba.

Turawan Mishan ba su sami shiga Kano da sauƙi ba. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Miller suka zo, Sarkin Kano Alu ya sallame su ba tare da ya ba su wurin zama ba. Bayan Turawa sun ci ƙasa, Gwamnati ma ta riƙa hana su zama cikin garuruwan Musulmi saboda alkawarin da ta yi wa sarakuna. Miller ya zauna Zariya, kuma a 1929 aikinsu ya koma Wusasa, inda asibiti da makaranta suka kafu. Daga makarantar Mishan ta Zariya da Wusasa aka sami Likita R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966.

To, abin da ya buɗe ƙofar Kano sosai shi ne ciwo. A 1937, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka danƙa wa Mishan ɗin S.I.M. kula da masu kuturta na lardin, aka yi musu mazauni a Yadakunya cikin ƙasar Ungogo. Haka aka yi a Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato. Sunan Yadakunya kaɗai ya isa wa'azi, watau mai ciwo ya yar da kunya ya fito neman magani. A 1943 suka buɗe asibitin ido a Kano, wanda har yau mutane ke zuwa daga nesa. Sun kuma zauna a Garko da Roni da Karaye, suna wankin gyambo, suna koya wa yara karatu. A ƙasar Nijar suka buɗe asibitin Galmi a 1950.

Gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Mutanen nan ba su ɓoye cewa yaɗa addininsu ya kawo su ba. Sarakuna da malamai sun san haka, shi ya sa suka kafa sharuɗɗa, suka sa ido a kan abin da ake koya wa 'ya'yan Musulmi, kuma an sha samun saɓani a kan wannan. Damuwarsu tana da dalili. Amma duk da haka, mai adalci ba zai musa cewa sun tafi inda wasu suka ƙi zuwa ba, sun kuma taɓa hannun da wasu suka ƙyamata.

Cikin shekarun 1970 Gwamnati ta karɓi yawancin makarantu da asibitocin Mishan, ta ce ilmi da lafiya hakkinta ne. Wannan magana daidai ce, sai dai wanda ya karɓi gona ya karɓa har da nomanta. Yau aikin ya fi na dā sauƙi ƙwarai. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da haɗin magunguna mai warkar da kuturta, wanda a yau ake sha cikin wata shida ko goma sha biyu, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi. Wanda aka gano da wuri, tun ciwon yana tabo a fata, ba ya rasa yatsa ko ɗaya. Alhali kuwa a 2023 an sami sababbin masu ciwon sama da 2,000 a Nijeriya, sa'an nan a 2024 maganin ya yanke kusan shekara guda, sai a watan Maris na 2025 ya iso. Kowane wata na jinkirin nan yana iya zama nakasa ga wani har ƙarshen ransa.

Saboda haka ya wajaba ga masu mulki da ke zaune Nassarawa su auna aikinsu da ƙauye mafi nisa. A tabbata magani bai sake yankewa a Yadakunya ba. A tura malaman asibiti rangadi ƙauyuka su duba fatar yara, yadda na dā suka yi. A kai makaranta unguwannin Maguzawa da rugagen Fulani, kada a tambayi yaro addinin ubansa kafin a ba shi wurin zama a aji. Attajirai kuma su tuna cewa zakka da wakafi sun riga Mishan zuwa ƙasar nan, kuma kuturu da makaho suna da rabo a ciki. Asibitin da coci ke riƙe da shi, kamar na ido da E.C.W.A. ta gada, a taimake shi matuƙar ƙofarsa a buɗe take ga kowa.

Baƙi sun ƙetaro teku sun yi jinyar mutanen ƙasar nan. Babban abin kunya ne a ce 'yan gida, da mota da kwalta, sun kasa kai magani tafiyar da ba ta kai rabin yini ba. Allah ya sa masu iko su ji, amin.