Kuɗin faci ma kuɗin zubi ne

Yau zancen keke za mu yi. Ko ba ke ce ke hawa ba, shi ke kai yarinya lakwal, shi ke ɗauko bidon ruwa, shi ke kai ƙosai da ƙuli-ƙuli kasuwa. Ranar da taya ta sace kuwa, sau da yawa bakin zanenki za a kwance.

Mu yi lissafi. A ce ana biyan mai faci dala 20, sau 2 a mako. A shekara ya kama jika 10 da ƴan kai. Ga ciniki da ya wuce don kaya sun makara, ga yarinya ta iske an shiga aji. Alhali yawancin facin nan ana iya kauce masa.

Abu na farko iska ce. Wasu na rage ta wai don keke ya yi laushi cikin rairayi. To, in iska ta yi kaɗan aka faɗa rami ko aka hau dutse, ƙarfen ƙafar keke ne ke matse roban ciki ya huda shi. Alamarsa huji biyu kusa da juna, kamar saran maciji. Kowace safiya a danna taya da babban yatsa: in ta lotsa da sauƙi, a ƙara iska kafin a hau.

Na biyu, ƙaya. In kaka ta shigo, tsaidau kan bushe ya watsu bakin hanya, ga ƙayar bagaruwa da ta aduwa da aka sara don shingen gona. A gaya wa yara su bi tsakiyar turba, su bar yanke ta cikin saura. In an dawo gida, a juya ƙafar keke a hankali a tsince duk ƙayar da ta maƙale. Sau da yawa ba ranar da ta soke take kaiwa ciki ba, sai an yi ta tafiya a kanta tana nutsewa.

Na uku, kaya. Bidon ruwa mai lita 25 kilo 25 ne, ban da nauyin mai tuƙi. In aka ɗora huɗu, tayar baya ce ke shan wahala. Gara sawu biyu da a dawo ana tura keke.

Na huɗu, rana. Roba ba ta shiri da zafi, bushewa take yi ta tsattsage. A ajiye keke cikin zaure ko ƙarƙashin rumfa. Tayar da ta suɗe har zarenta ya fito kuwa ta gama aiki, ƙaramar ƙaya ma ratsa ta za ta yi.

Kada ki jefar da tsohon roban ciki. A yanke bakin da ake sa iska, a tsaga shi, a shimfiɗa cikin taya kafin a sa sabon, ya zama katanga tsakaninsa da ƙaya. A kuma yanki siririn zirinsa a kewaye ƙarfen ƙafa, ya rufe kawunan wayoyin, don su ma suna huda roba ta ciki.

In an je wurin mai faci, a tsaya a gani. Ya shafa cikin tayar a hankali ya fidda abin da ya huda, in ba haka ba gobe a dawo. Ya kankare wurin, ya shafa gam, ya bari ya sha iska kafin ya manna. Ya ɗan hura roban kaɗan kafin ya mayar, don kada ya naɗe ko bakin taya ya cije shi.

Ga shawara ga ƙungiyoyi: a taron mako mai zuwa, a duba ko za a sayi famfo guda a ajiye gidan mai riƙe da akwatin asusu. Duk mai keke ya zo ya sha iska, ko kyauta ko da ɗan abin da aka yarda a jefa cikin asusu. Dala 20 da ba ta tafi faci ba, ranar zubi tana hannunki.

Allah ya sa albarka cikin nema. Sai fitowa ta gaba.