Kafin kwalta ta bushe a Kontagora

Ranar Talatar da ta wuce na kai keken yarona wurin mai facin unguwarmu, wanda ya yi shekaru yana sana'arsa a gindin wata darbejiya. Ina zaune a benci, shi kuma ya tsoma tub a cikin kwanon ruwa yana neman inda iska ke fita, sai ga wani dattijo ya turo tsohon kekensa ƙirar Phoenix, buhun masara ɗaure a kariya da igiyar roba. Kaca ta zube, ƙafar gaba ta lanƙwashe, wandonsa ya yage a gwiwa, jini na tsattsafowa.

Mai faci ya miƙe da sauri. "Subhanallahi! Baba, me ya same ka?"

"Ɗana, tirela ce ta matse ni," in ji shi. "Ya danna mini oda a bayan kunne. Na duba dama, lambatu. Na duba hagu, taya. Sai na zaɓi lambatu."

Muka yi masa sannu, aka kawo ruwa ya wanke ciwon. Da ya huta sai ya ce ya fi shekara talatin yana shigowa gari daga ƙauyensu a kan keken nan, kuma a da abin da yake tsoro bai wuce ƙaya da yashi ba. Yanzu kuwa, duk sanda zai hau titi sai ya yi addu'a irin ta mai shiga kwalekwale da damina. Bai zagi kowa ba. Ya biya kuɗin gyara, ya ɗaure buhunsa, ya sake komawa kan titin, don ba shi da wata hanyar zuwa kasuwa.

Tun ranar nake juya maganar nan a raina, kuma ita ce dalilin wannan rubutu.

Allah Ya kafa Kontagora a mararraba. Babbar hanyar da ta taso daga Legas, ta bi Ilori da Jaba da Makwa, ta nan take wucewa zuwa Yawuri da Jega da Sakkwato. Wata ta yi gabas zuwa Tegina, inda ake rabuwa zuwa Birnin Gwari da Kaduna ko Zungeru da Minna. Wata ta nufi Rijau da Zuru. Wannan arziki ne, ba mai musu. Da shi kasuwar hatsi take ci, da shi masu abinci da makanikai da 'yan kamasho suke samun na cefane. Amma a kan hanyoyin nan ne tankar mai da tirelar shanu da motar siminti suke gogayya da yarinya 'yar shekara bakwai mai tafiya Islamiyya da allonta, da mai turin kura, da mai keken guragu, da mace mai ciki da ta fito awo. Direban da ya kwana yana tuƙi daga kudu yana ganin hanyar a matsayin hanyar Sakkwato. Mu kuwa ƙofar gidanmu ce.

Jihar Neja ta san abin da manyan motoci ke iya yi. A watan Satumba na 2024 tankar mai ta yi karo da motar da ta ɗauko mutane da shanu a yankin Agaie, mutane da dama suka ƙone. A ranar 18 ga Janairu, 2025, wata tankar ta fashe a mahaɗar Dikko, aka rasa rayuka fiye da 80. Waɗannan su ne ake ji a rediyo. Wanda ba a ji shi ne na kullum: yaron da madubin mota ya maka a kai, tsohuwar da ta karye a ƙugu wajen tsallaka titi, dattijon da ya zaɓi lambatu. Su a gida ake jinyarsu, a ce tsautsayi ne, a rufe magana.

Ni ban yarda tsautsayi ne kaɗai ba. Mun yi imani da ƙaddara, amma ramin da aka bari a buɗe a bakin makaranta mutum ne ya bar shi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanyoyi kowace shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowa asara, alhali ita ce mafi ƙarancin motoci. Hukumar ta kuma nuna cewa idan gudun mota ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a awa, haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa da ta buge yana ninkuwa fiye da sau huɗu. Shi ya sa taron ministocin duniya da aka yi a Stockholm a 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 a duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa. Dokar hanya ta Nijeriya ta ce 50 a cikin gari. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin babban titi bayan sallar isha'i ya san ko wannan ɗin ba a bi.

Yanzu gwamnatin Mohammed Umaru Bago ta sa aikin tituna a gaba, a Minna da sauran manyan garuruwan jiha, har da namu. Ina murna da haka, don mun sha ƙura mun sha taɓo. Amma saboda murnar ne nake wannan rubutu yanzu. Titi idan aka zuba shi, an zuba ke nan na shekara ashirin ko fiye. Kuma abin da muka saba gani a garuruwanmu shi ne a faɗaɗa wa mota, a shafe mata hanya sumul, a haƙa lambatu mai zurfi a kowane gefe a bar shi baki buɗe, shi ke nan an gama. Ba a tambayi inda mai ƙafa zai taka ba. Sabon titi mai santsi wanda ba shi da wurin masu tafiya ya fi tsohon mai ramuka kisa, domin ramukan nan, duk da muninsu, su ne ke tilasta wa direba ya taka birki.

Mu ƙirga da gaskiya. A layinku, gida nawa ne ke da mota? Yawancin mutanen Kontagora da ƙafa suke zuwa masallaci, da ƙafa yara ke zuwa makaranta, a kan kabu-kabu ko Keke Napep ake zuwa asibiti, a kan keke manomi ke zuwa gona. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, daga baya ta haura 1,000, har masu motar ma da yawa sun jingine ta sai ranar Juma'a ko biki. Malaman makaranta da ƙananan ma'aikata sun koma sayyada. To idan kuɗin jama'a ne ake kashewa a titi, da wane dalili za a zana shi don 'yan tsirarun da ke bayan gilashi, a bar mafi yawa suna raɓe-raɓe a gefe kamar baƙi?

Akwai kuma laifinmu, kuma sai na faɗe shi. Mun mayar da keke alamar talauci. A zamanin iyayenmu, malamin makaranta ko ma'aikacin En'e da ya sayi Raleigh sabo ful, ranar unguwa ba ta da wani labari. Ana goge shi da tsumma kullum safiya, ana yi masa ado da fitila da ƙararrawa. Har masana'antar haɗa keken Raleigh aka yi a Kano. Yau saurayi ya gwammace ya ci bashi ya hau kabu-kabu da a gan shi yana tuƙa keke zuwa wurin aiki, kada a ce ya karye. Na san wani malami da ya sayi keke bayan tsadar mai, ya yi mako biyu yana hawa, surutun abokan aiki ya sa ya ajiye. Wannan abin takaici ne. Garinmu ba mai manyan tuddai ba ne, kuma tafiyar kilomita 5 a kan keke ba ta wuce minti ashirin zuwa ashirin da biyar. Ɗalibin Jami'ar Ilimi ta Tarayya da ke nan, wadda muka fi sani da sunanta na da, FCE, zai iya rage kuɗin zirga-zirgar zango guda da keke ɗaya na hannu, in da zai samu hanyar da ba zai mutu a kai ba da wurin da zai ɗaure shi ba a sace ba.

Wannan sharaɗin shi ne gaba da komai. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma keke, har ya riƙa hawa da kansa zuwa ofis a Abuja. Motar bas ta ture shi ya faɗa rami. Mutane suka yi ta dariya, maganar ta mutu. Ni a ganina mutumin ya yi gaskiya, kuskurensa ɗaya ne: ya kira jama'a zuwa titin da ba a tanadar musu ba. Wa'azi ba ya sa uwa ta bar ɗanta ya hau keke tsakanin tankoki. Hanya ce ke sa ta yarda.

Kada wani ya ce wannan sai ƙasar Turawa. A Tamale da ke arewacin Gana, garin da Hausawa suka daɗe suna zaune suna fatauci, an ware wa kekuna hanyarsu a gefen manyan tituna. A Wagadugu ma akwai manyan titunan da masu ƙafa biyu ke da layinsu daban, kuma mata da maza, manya da yara, suna hawa ba kunya. Zafin ranarsu bai gaza namu ba. Ita kanta Holan da ake misali da ita, ba haka ta tashi ba. A 1971 mutum fiye da 3,000 suka mutu a titunanta, sama da 400 yara ne. Iyaye mata suka fito suka tare hanyoyi, sai ga tsadar mai ta 1973 ta zo ta ƙara musu hujja, hukuma ta sauya yadda take zana gari. Tsadar mai ta same mu mu ma. Abin da ya rage shi ne mu buɗe baki.

Kuma ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Usulus Siyasa, ya lissafa kula da hanyoyi da kasuwanni da gadoji cikin abin da ke wuyan shugaba. Umaru Nagwamatse da ya kafa garin nan ɗan ɗan'uwansa ne, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku. Tun muna yara aka koya mana cewa hanya tana da haƙƙi, kuma kawar da abin cutarwa daga kanta sadaka ne. Ku dubi tsohon gari ma: fada, masallacin Juma'a, kasuwa, makarantar allo, duk a inda ƙafa za ta kai. Tsoho na iya zuwa jam'i sau biyar ba tare da ya nemi abin hawa ba. Sababbin unguwanninmu kuwa, ana yanka fulotai har a cinye filin makaranta da na kasuwa, a bar layi ƙunci ba bishiya ko ɗaya, sai mutum ya hau babur kafin ya sayo gishiri. Masu awon filaye da masu unguwanni da dillalai duk suna da hannu a wannan.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar gadar sama. A rufe lambatu da sulab mai ƙwari, ya zama hanyar masu tafiya, a ɗaga shi sama da kwalta yadda mota ba za ta hau ba, a yi masa gangara a mahaɗa saboda masu keken guragu. Inda titi ke da faɗi, a ware layi ɗaya da kankare, ba da fenti kawai ba, don fenti ba ya tsayar da tirela. A bakin kowace makaranta da asibiti da ƙofar kasuwa a yi tudun rage gudu na ƙa'ida, mai alama da fitila, maimakon wanda matasa ke ginawa cikin fushi da daddare bayan an kaɗe yaro, wanda shi ma yakan kayar da masu babur. Manyan motocin da ba su da kayan saukewa a cikin gari a bi da su ta bayan gari, a yi musu wurin kwana a waje, a daina barin su suna jeruwa a kafaɗar titi suna tura mutane tsakiya. Sannan a dasa bishiyoyi. Wanda ya taɓa tafiya a ƙasa a watan Afrilu da azahar ya san inuwa ba ado ba ce. Darbejiyar da mai facinmu ke zaune a gindinta wani ne ya dasa ta, ga shi har yau ana cin moriyarta.

'Yan kasuwa kuma, 'yan'uwana, idan an yi hanyar masu tafiya, ba wurin baza tumatir da katifa da janareto ba ne. Na san neman abinci ne ya kawo ku bakin titi, kuma haƙƙin ƙaramar hukuma ne ta ba ku wuri mai kyau kusa da masu saye, ba ta aiko a watsar muku da kaya ba. Amma duk tebur da aka kafa a kan hanyar ƙafa, wani yaro aka tura gaban mota.

Ina kira ga Mai Martaba Sarkin Sudan na Kontagora, Alhaji Muhammadu Barau Mu'azu, da ya sa baki, domin maganar fada tana da nauyi a wurin gwamnati da wurin talakawa. Ina kira ga limamai su ɗauki haƙƙin hanya a huɗuba, da ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kabu-kabu su ja kunnen 'ya'yansu, da jami'an kiyaye haɗurra su riƙa tsayawa a ƙofar makarantu lokacin tashi.

Kai kuma mai karatu, idan ka ga an kawo katafila layinku, kada ka tsaya a tafi da sambarka. Ku haɗu da mai unguwa da kansilanku, ku je ku nemi a nuna muku zanen aikin, ku tambaya a fili: ina yaranmu za su bi? Idan babu a takarda, ku nemi a sa tun ɗan kwangila bai kwashe kayansa ba.