Wa Zai Biya wa Mai HND Kuɗin PGD?



Mu da muka fito daga foliteknik, ko ta Kaura Namoda ko ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, mun san jami'a ba ta ɗaukar mai HND digiri na biyu kai tsaye. Sai ya fara yin PGD, shekara guda ko fiye, da kuɗin aljihunsa. Wato sau biyu zai biya.

To ina tallafin? Bashin NELFUND da aka fara a 2024 bai kai ga masu karatun gaba da digiri ba. PTDF ta fi karkata ga fannin man fetur. TETFund kuwa malaman manyan makarantu take ɗaukar nauyi, alhali koyarwa a jami'a sai da digirin da muke nema. Ka ji ikon Allah!

Ɗan Tsafe ko Bunguɗu da a da zai sayar da buhun masara ya yi rajista a Sakkwato ko Zariya, yau gonar ma 'yan bindiga sun hana shi zuwa.

Mun ga wahalar da ɗalibanmu suka sha a Cyprus kan kuɗin makaranta. Abin da ake kashewa kan mutum ɗaya a waje zai biya wa mutane da dama PGD a gida. Muna roƙon hukumar tallafin karatu ta jiha ta ware wa PGD kaso, ta kuma liƙa sunayen waɗanda suka samu a kowace ƙaramar hukuma.