Kaka Ta Yi: Ina Rabon Makarantar Yaranmu?

 Gero ya shiga rumbu, ana roron wake da cirar gyaɗa, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran magirbi, masu shinkafa kuma a filayen Bakolori suna yanka suna bugu. Daga Damaga zuwa Maradun, daga Bakura zuwa Talata Mafara, wannan ne lokacin da talaka yake da abin hannu, yake iya kallon baƙo ya ce masa zauna ka ci. Amma a daidai wannan lokaci ne ƙaramar makarantar firamare ta ƙauye take komawa kamar kango: malami yana tsaye gaban allo, yaran da ya kamata ya koyar kuwa suna gona. A kan wannan nake so mu yi magana.

Ra'ayina shi ne, kaka ita ce damar da iyali yake da ita ta riƙe makaranta da hannu biyu. Gidan da ya bar kaka ta wuce bai taka ƙofar makaranta ba, da wuya ya taka ta da rani sa'ad da rumbu ya fara sauka.

Bari mu fara da lissafi mai sauƙi. Zango na farko yakan soma cikin Satumba ya ƙare cikin Disamba, wato yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da girbi. Kwanakin karatu a cikinsa ba su wuce sittin da 'yan kai ba. In yaro ya rasa kwana 3 a kowane mako har mako 4 saboda ɗaurin dami ko tsinkar auduga, ya yi asarar kwana 12, kusan kashi ɗaya cikin biyar na zangon ke nan. A wannan zango ne ɗan aji ɗaya yake koyon baƙaƙe da wasula, a cikinsa ne kuma ɗan aji shida yake fara shirin jarrabawar shiga sakandare. Malamin da yake riƙe da aji biyu shi kaɗai ba zai koma baya domin yaro ɗaya ba. Yaron da ya dawo ya tarar an wuce shi sai kunya ta kama shi, daga nan ya fara laɓewa, kafin damina ta zagayo ya bar karatu gaba ɗaya. Yarinya kuwa abin ya fi tsanani, gama daga roron wake sai talla, daga talla sai maganar aure.

Na san abin da wani uba zai ce: ba ni da kuɗin ɗaukar 'yan ƙwadago, kuma a zamanin nan wanda ya bar amfaninsa a gona bai san wanda zai kwashe ba. Gaskiya ne, ba a raina wannan magana. Amma makarantar firamare tana tashi da rana tsaka ko jim kaɗan bayan haka. Akwai yamma, akwai Asabar. Akwai kuma gayya, wadda iyayenmu suka girbe manyan gonaki da ita ba tare da sun biya kowa ba. In matasanmu suka haɗa kai suka bi gonakin gwauraye, tsofaffi da masu ƙananan yara bi da bi, babu dalilin da za a cire yaro mai shekara 8 daga aji. Kada kuma mu manta, dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole ne, ta ɗora wa mahaifi nauyin kai ɗansa, har ta tanadi tara ga wanda ya ƙi.

Wani kuma zai ce, ai gyaran makaranta aikin gwamnati ne. Haka ne, kuma dole mu ci gaba da tuna wa hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da wakilanmu alhakin da ke wuyansu. A watan Nuwamba 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Zamfara, abin da ya nuna ita kanta gwamnati ta san inda aka kwana. Sai dai kafin ɗan kwangila ya iso ƙauye, hunturu ya riga shi. Yaron da ke zaune a ƙasa cikin aji marar murfin taga ba zai iya jiran kasafin kuɗin baɗi ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Maganar tsoro ma tana nan, ba za mu ɓoye ta ba. Ba mu manta da 26 ga Fabrairu 2021 ba, daren da aka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar sakandare ta Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta na shekarar aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, sa'an nan ranar 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai 73 a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a Maradun. Bayan haka aka rufe makarantun jihar, aka katse layukan waya, aka hana cin kasuwannin mako. Yaran da suka zauna a gida watanni a lokacin, da yawansu ba su koma aji ba. Saboda haka uwar da gabanta yake faɗuwa in ɗanta ya fita da safe tana da hujja. Amma ku duba, makarantar da iyaye suke leƙawa kullum, wadda ciyawa ba ta rufe ta ba, wadda malami ya san gidan kowane yaro kuma labari yana isa gare shi da wuri, ta fi wadda aka yi watsi da ita a bakin gari tsaro. Inda hukuma da masu gari suka ce a dakata, sai a dakata. Inda kuwa ƙofa take buɗe, kada mu ne mu rufe ta da rashin zuwa.

To, me za a yi a wannan kaka? Ga shawarwari, ba sa bukatar kuɗi mai yawa.

Na ɗaya, gayyar makaranta. A zaɓi Asabar ɗaya bayan an yanke dawa. Kowane gida ya kawo damin kara, maza su yi darni, su gyara makewayi, magina da kafintoci su duba rufi da tagogi, mata su share fili su kawo kunu. A yi da safe, a watse kafin la'asar.

Na biyu, tiya ɗaya daga kowane gida. A tara hatsin a hannun mutum uku amintattu, mace ɗaya aƙalla a cikinsu, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta a gaban jama'a. Da shi za a sayi alli, tabarmi, littattafan rubutu na marayu, ko a tallafa wa malamin sa-kai. Mun saba kawo nunan fari a ranar godiyar kaka, mun san yadda dami ɗaya-ɗaya yake cika ɗaki.

Na uku, a kai gona cikin aji. Uban da bai taɓa riƙe alƙalami ba ya san tiya nawa ke cikin buhu, ya san yadda ake raba dami tsakanin mutum huɗu. Malami ya gayyace shi ya zo da tiya da ƙwarya, yara su auna su ƙirga su rubuta. Kakanni su zo su ba da labarin yadda aka kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, da gonakin da ruwa ya cinye, da abin da ya sami manoma a 1980. Tarihin ƙasarsu ne, kuma masu shi suna tsufa.

Na huɗu, iyaye mata su yi ƙirgar yara. Zumuntar mata ta fi kowa sanin gidan da yaro ya daina zuwa. A bi shi gida da lalama tun a makon farko, kafin abin ya zama jiki.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Da yake ba mu da yawa a waɗannan garuruwa, wasunmu sukan ja jiki daga taron iyaye da malamai, suna cewa ko mun je ba za a ji mu ba. Kwamitin kula da makaranta, wanda ake kira SBMC, an tsara shi ne da kujerun sarakuna, mata, tsofaffin ɗalibai, masu sana'a da ƙungiyoyin addini. Kujerar da ba a zauna a kanta ba, ba ta magana. Rufin da yake yoyo bai san ɗan Musulmi ko ɗan Kirista ba, dukansu yake jiƙawa. Maƙwabcin da ka ɗaura darni tare da shi da safe, shi ne zai saurare ka ranar da kake da ƙorafi a kan ɗanka. Zumunta a ƙafa take.

Ina roƙon dattawa su sa wannan magana cikin zamansu na gaba, su wakilta mutum biyu, namiji da mace, su je wurin shugaban makaranta da mai gari a wannan mako, su tambaya me aka fi bukata, su dawo su faɗa wa jama'a ranar Lahadi. A sa rana tun kara yana gona, tun hatsi bai tafi kasuwa ba. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya tsare mana yaranmu a hanyarsu ta zuwa da dawowa.